Aikin Jinya a Arewa: Ƙofar Shiga Ta Faɗaɗa, Hanyar Hawa Ta Ƙuntata

A yawancin gidajenmu, ranar da yarinya ta ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, ana ɗauka magana ta ƙare. A yi walima, a raba hotuna a waya, dangi su yi murnar samun wadda za su riƙa bugawa tsakar dare idan yaro ya tashi da zazzaɓi. A wurin iyaye ta gama karatu, saura aiki da aure. Amma duk wanda ya daɗe a harabar asibiti ya san wannan takarda ta farko izinin shiga ce kawai. 'Yan aji ɗaya da aka yaye rana ɗaya, bayan shekara 15 sai ka tarar wata ce ke riƙe da ɗakin tiyata a asibitin koyarwa, wani yana karantarwa a jami'a, wata tana Riyad ko Manchester, wata kuwa tana nan a ɗakin da aka fara tura ta, tana jiran ƙarin girman da ya maƙale. Sau da yawa wadda aka bari a baya ta fi su duka iya nemo jijiyar jariri ta sa masa ƙarin ruwa. Abin da ya raba su shi ne wa ya fahimci tsarin da wuri, wa kuma ya dace da shugaban da zai sake shi ya je ya ƙaro karatu.

Tsarin kuwa yana hannun hukuma ɗaya. Tun zamanin Turawa akwai hukumar ungozoma da aka kafa a 1930, da ta ma'aikatan jinya da ta biyo baya a 1947, sai doka ta 89 ta shekarar 1979 ta haɗe su wuri guda. Ita ke tantance makarantu, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace za ta ɗauka, ita ke shirya jarrabawar fita, ita ke ba da lasisi. Makarantar da ba ta cikin jerinta, komai kyan gininta da farin yunifom ɗinta, takardarta ba ta kai mutum ko'ina. Dole a faɗi haka tun daga farko, domin a unguwannin Kano da Kaduna da sauran birane akwai 'yan mata da yawa da suka ƙare ƙuruciyarsu suna koyon aiki a ƙananan asibitocin kuɗi, mutanen unguwa na ce musu nas, alhali babu sunansu a rajistar kowa. Irin wannan ba ta da matakin da za ta taka gaba, kuma ranar da tsautsayi ya faɗa, ita ce ta farko da za a miƙa wa 'yan sanda.

Ƙofofin shiga

Tsohuwar hanya, wadda galibin manyan sistoci da metiron na yau suka bi, ita ce makarantar jinya ta shekara 3 da ke jingine da asibiti, irin ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ko ta Wusasa, ko ta Birnin Kudu, ko makarantun ungozoma na Dambatta da Malumfashi. Ana shiga da kiredit 5, a Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Wata 6 na farko na tankaɗe da rairaya ne: wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshensu ya tattara akwatinsa, wadda ta ci a ɗora mata hula a bikin da ɗalibai ba sa mantawa da shi. Wannan hanya ta fitar da ƙwararrun hannu, domin ɗalibi yana ɗakin marasa lafiya tun shekarar farko, yana gyara gado, yana auna zafin jiki, yana wanke gyambo. Aibinta ɗaya ne, amma babba. Takardar RN ko RM, wato rajistar jinya ko ta ungozoma, da take bayarwa shaidar sana'a ce, kuma shekara da shekaru jami'o'i da ofisoshin shugabannin ma'aikata sun kasa yanke inda za su ajiye ta a tsakanin difloma da digiri.

Don gyara wannan ne hukumar ta haɗa hannu da NBTE, hukumar ilimin fasaha ta ƙasa mai hedikwata a Kaduna, aka mayar da makarantun kwalejoji. Yanzu ɗalibi yana shiga ta JAMB, ya yi shekara 2 ya samu ƙaramar difloma, ya ƙara 2 ya samu babba, ya fito da rajistar hukuma a hannu, ya tafi bautar ƙasa. Hanya ta uku ita ce jami'a. Ibadan ce ta fara buɗe sashen jinya a 1965, Ife ta biyo da digirin da ake shiga kai tsaye daga sakandare a 1973, kuma a yau Zariya, Bayero, Usmanu Ɗanfodiyo, Maiduguri da Jos duk suna da nasu. Shekara 5 ake yi, ɗalibi ya zauna jarrabawar jinya ta hukuma a aji huɗu, ta ungozoma a aji biyar, sannan shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti kafin bautar ƙasa.

Akwai kuma gajeriyar hanya ta shekara 2, ta ungozomar karkara da jinyar karkara, wadda aka tsara domin ƙananan asibitocin ƙauye. Tana da amfani, tana kuma saurin sa mutum a albashi, sai dai lasisinta yana da iyaka, kuma mai shi sai ta koma aji kafin ta wuce matakin farko. Masu zuwa Maraɗi ko Sudan ko Masar su ma su sani, digirin waje ba ya ba da izinin taɓa majinyaci a Nijeriya sai an yi kwas ɗin daidaitawa an ci jarrabawar hukuma.

Uban da ke sayen fom ba kasafai yake duba waɗannan bambance-bambancen ba. Abin da ke gabansa shi ne wace makaranta ce ta fi kusa da gida, wace ce ke da masaukin mata, wace ce kuɗinta zai iya. Ba a ga laifinsa ba. Amma a wannan rana ake yanke inda 'yarsa za ta tsaya a shekara 45 da haihuwa.

Takarda ta biyu

Wanda ya fito da RN kaɗai, da ya fara neman aiki zai ji ana tambayar ta biyu. Ga mata, bisa al'ada ta ungozoma ce, wata 18. Maza da yawa a da sukan nufi jinyar masu taɓin hankali. Sauran fannonin suna ɗaukar shekara 1 zuwa wata 18, kuma a nan Arewa ba ta da uzurin nisa, domin manyan cibiyoyin a ƙofar gidanta suke. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana horar da masu jinyar karaya da haɗari. Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kunne ta Ƙasa duk suna Kaduna. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da Kware. Asibitocin koyarwa na Zariya, Kano, Maiduguri, Jos da Sakkwato sun raba sauran fannoni a tsakaninsu: aikin ɗakin tiyata, jinyar yara, kula da waɗanda ke halin rai kwakwai mutu kwakwai, da allurar barci.

Wannan ta ƙarshe ta cancanci a tsaya a kanta. A babban asibitin ƙaramar hukuma, can nesa da babban birnin jiha, da wuya ka samu likitan da ya ƙware a sa barci. Idan naƙuda ta gagara da ƙarfe biyun dare, jinjiri ya kwanta a karkace ko mahaifa ta rigaye shi, likita yana iya zama a shirye da wuƙarsa, amma ba zai tsaga ba sai nas mai allurar barci ya iso. Shi zai yi allurar ƙashin baya, shi zai zauna a kan mai haihuwa yana duba bugun jini da numfashi, shi zai gane jini ya zuba fiye da kima tun kafin kowa ya ɗago kai. Idan babu shi, sai a nemi mota a kama hanyar birni, kuma kowa ya san yadda irin wannan tafiya takan ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata 82,000 ne suka rasu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa a 2020, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Mutum ɗaya da aka tura kwas ɗin wata 18 yana iya mayar da ginin da ake kira ɗakin tiyata ya zama ɗakin tiyata na gaske.

Haka abin yake a wankin ƙoda. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, jihohi kuma suna ta sayen injuna saboda yawan masu cutar, musamman a yankin Gashuwa da Haɗeja. Injin ba ya haɗa kansa da jijiyar mutum, ba ya gane jinin majinyaci ya faɗi a tsakiyar wanki. Ɗakin bakwaini ma haka: kwalba da fitilar shawara kayan ado ne idan babu wadda ta san yadda ake ciyar da jaririn da bai kai kilo ɗaya da rabi ba ta robar hanci, awa bayan awa. A Babbar Ruga ta Katsina, inda Dokta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya shafe shekaru yana ɗinkin yoyon fitsari tun shekarun 1980, an nuna cewa sabon yoyo ƙarami yana iya warkewa da robar fitsari kaɗai idan an sa ta da wuri an kula da ita. Bayan ɗinki ma, makonnin da ke biye su ke yanke ko aikin ya kama ko ya warware, kuma waɗannan makonni a hannun nas suke.

To, da yake buƙatar ta kai haka, me ya sa masu zuwa kwas ɗin ba su da yawa? Amsar tana kan takardar jadawalin aiki da ke manne a bangon kowane ɗaki. Ɗakin da ya kamata a ce mutum shida ne ke juya shi, uku ne a ciki. Idan metiron ta saki ɗaya ta tafi shekara guda, sauran biyu za su raba dare da rana a tsakaninsu. Sai takardar neman hutun ƙaro ilimi ta kwanta a tebur, a ce mata, "Sista, ki yi haƙuri zuwa baɗi." Wadda ta samu izinin kuma galibi ita ke biyan kuɗin makaranta da masauki daga albashinta. Abin da ya fi ciwo yana jiran ta a dawowa: an karɓi takardar an sa a fayil, albashi bai motsa ba, kuma ba abin mamaki ba ne a tura mai ƙwarewar ido ɗakin maza masu zawo, saboda can ne ake da giɓi a makon. Ƙannenta a aiki suna kallo, suna lissafi.

Rufin da ake kira digiri

A aikin gwamnati muƙaman jinya a jere suke, daga jami'in jinya na biyu, zuwa na ɗaya, zuwa manyan matakai, har babban jami'in jinya, wanda aka fi sani da CNO. Ana hawa kusan duk shekara 3 idan an ci jarrabawar ƙarin girma kuma akwai gurbi, albashi yana bin tsarin CONHESS na ma'aikatan lafiya, kodayake jihohi ba sa biyan sa daidai da tarayya. Daga nan sai muƙaman darakta: mataimaki, muƙaddashi, da cikakken darakta. A bakin wannan ƙofa ake tambayar digiri. Wadda ba ta da shi, ko tana da takardun ƙwarewa uku da shekara 25 a ɗakin haihuwa, a CNO za ta yi ritaya, tana kallon wadda ta koya wa karɓar haihuwa ta zama shugabarta.

Wannan ya daɗe yana haddasa tsamin dangantaka a tsakanin 'yan makarantar asibiti da 'yan jami'a. Na farko suna cewa masu digiri sun iya rubutu ba su iya aiki ba, na biyu suna cewa sana'ar da ba ta da bincike da digiri ba za ta taɓa zama a teburi ɗaya da likitoci da masu harhaɗa magunguna ba. A ganina kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya, amma gardamar ta riga ta ƙare a takarda, kuma mai hankali ba ya ɓata shekarunsa yana jayayya da dokar aiki. Mai RN yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, tana ba da digirin jinya ga waɗanda ke bakin aiki, kuma ita ce ta ceci da yawa daga cikin matan aure da ba za su iya barin gida da albashi ba. Karatu ne mai wahala: a sauka daga aikin dare, a kai yara makaranta, a buɗe kwamfuta. Amma wadda ta fara shi a shekararta ta biyar a aiki ta fi wadda ta farga a ta ashirin nesa ba kusa ba.

Bayan digirin farko akwai na biyu da na uku a jami'o'i, akwai kuma zama mamba a kwalejin jinya ta Afirka ta Yamma da aka kafa a Banjul a 1981. Ko wanda ba ya sha'awar ko ɗaya daga ciki, ba zai tsere wa aji ba, tunda sabunta lasisi duk shekara 3 yana buƙatar shaidar halartar bitar da hukuma ta wajabta. Kuma tsanin yana kaiwa sama sosai ga wanda ya hau. Kofoworola Pratt, wadda ta yi karatu a asibitin St Thomas na Landan, ta zama 'yar Nijeriya ta farko da ta riƙe muƙamin metiron a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1964, ta zama babbar jami'ar jinya ta tarayya, daga baya kuma kwamishinar lafiya ta Legas.

Sai dai akwai wata baƙar illa a cikin tsarin da ba a cika magana a kanta ba. Duk hawan da nas za ta yi, nesanta ta yake yi da gadon majinyaci. Ladan iya aiki shi ne a ba ta ofis, ta koma tsara jadawali, ƙirga zannuwan gado da halartar taro. Babu wani tsani na daban da zai bar gwanar ɗakin bakwaini a ɗakin bakwaini, yana biyan ta kamar darakta saboda gwanintarta. A Amurka da Ingila akwai matakin da nas mai zurfin karatu ke duba majinyaci ta rubuta magani da izinin doka. A nan, nas ɗin ƙauye yana yin duk wannan tun tuni, domin babu likita. Manufar raba ayyuka da gwamnatin tarayya ta fitar a 2014 ta amince da wani ɓangare na hakan, amma ba ta zo da muƙami ko albashin da ya dace da nauyin ba.

Alli, kaki da sansanin gudun hijira

Hanyar da ta fi buɗewa a yanzu, kuma aka fi raina ta, ita ce koyarwa. A 2024, Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da cewa an ɗaga yawan ɗaliban jinya da makarantu za su ɗauka a shekara daga 28,000 zuwa 64,000. Ɗalibai ba sa koyar da kansu, kuma makarantar da malamanta suka gaza ƙa'idar hukuma tana iya rasa izininta. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta daɗe tana horar da malaman jinya da ungozoma, kuma tunda makarantu suka zama kwalejoji, mai digiri da takardar koyarwa ya zama abin nema, a na gwamnati da masu zaman kansu da ke ta tsirowa. Malami ba ya aikin dare, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Abin tsoro shi ne a cika azuzuwa da malaman da ba su taɓa kwana da majinyaci ba.

Rundunonin soja suna ɗaukar masu digirin jinya a matsayin hafsoshi ta gajeren kwas, kuma asibitin soja na 44 a Kaduna yana cikin manyan wuraren aikinsu. Akwai asibitocin kamfanoni, hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, ayarin lafiya na aikin Hajji, da gidan haihuwa na kai ga ungozomar da ta cika shekarun gogewa ta samu izinin jiha. Ƙungiyoyin agaji su ma sun zama babbar makaranta. Likitocin Na-gari Na-kowa, MSF, suna aiki a asibitin Jahun tun 2008 a kan haihuwa da yoyon fitsari, suna kuma tallafa wa Asibitin Noma na Sakkwato. Wanda ya yi aiki da irin waɗannan yakan fito da horon da ba a samu a aji: bin ƙa'idar magani sau da ƙafa, rubuta rahoto, jagorantar ayari. Albashin ya fi na jiha, amma kwantiragi ne, yana ƙarewa ranar da tallafi ya yanke. Hatsarin kuma ba labari ba ne. A Maris 2018 aka sace ma'aikatan lafiya mata uku a Rann ta jihar Borno, aka kashe biyu daga cikinsu, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Muhammad Liman, kafin shekarar ta ƙare.

Jirgi

A Fabrairun 2024, magatakardan hukumar jinya da ungozoma na lokacin, Dokta Faruk Umar Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. A watan ne hukumar ta fito da sharaɗin sai mutum ya yi shekara 2 yana aiki kafin a tantance masa takardunsa don fita waje, abin da ya fito da ma'aikatan jinya zanga-zanga a Abuja da Legas. A Agustan shekarar gwamnati ta amince da manufa ta musamman kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Nijeriya tana cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a je ana farautar ma'aikatansu, amma jerin bai hana mutum neman aiki da kansa ba, kuma bayan Indiya da Filifin, Nijeriya na sahun gaba wajen cika rajistar jinya ta Birtaniya da baƙi.

Kowace ƙasa da shingenta. Birtaniya tana son jarrabawar Turanci, IELTS ko OET, da jarrabawar kwamfuta da ake yi tun daga gida, da ta gwajin aiki bayan an sauka. Amurka tana da NCLEX. Saudiyya, wadda ta fi jan hankalin 'yan Arewa saboda addini, kusanci da Harami da sauƙin shawo kan iyaye, tana tantance takardu sannan a zauna jarrabawar hukumarta. Duk wannan kuɗi ne masu yawa, 'yan damfara kuma sun yi dafifi a bakin hanyar. A 2023 hukumar jinya ta Birtaniya ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawa a Ibadan, abin ya shafi ɗaruruwan mutane, har da waɗanda suka riga suka fara aiki a can.

Ban ga dalilin zagin wanda ya tafi ba. Mai shekara 10 a aiki da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, wanda aka hana shi hutun karatu sau uku, ba ya buƙatar wa'azin kishin ƙasa. Abin lura shi ne su wa ke tafiya. Asibitocin waje ba sabbin yaye suka fi so ba, masu gogewar tiyata, wankin ƙoda da kula da marasa lafiya masu tsanani suke zawarci, wato ainihin waɗanda ya kamata su koyar da dubban ɗaliban da ake ta ɗauka. Muna ƙara ɗebo ruwa ne a tulun da gindinsa ke yoyo. Da ma'aikatan jinya na asibitocin tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025, buƙatunsu ba na alawus ɗin aikin dare da yunifom kaɗai ba ne. Sun nemi a buga tsarin aikin da aka amince da shi tun 2016 a Minna a kundin gwamnati, a kafa sashen jinya mai cin gashin kansa a ma'aikatar lafiya ta tarayya, a kuma tsara wuraren sanin makamar aiki ga masu digiri. Duk magana ce ta hanyar hawa.

A Arewa akwai wani shinge kafin duk waɗannan, kuma a cikin gida yake. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 na haihuwa ne ƙwararru suka karɓa a Nijeriya, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai kashi 20 ba. Maigidan da ba ya son namiji ya duba matarsa, sau da yawa shi ne kuma ba ya son 'yarsa ko matarsa ta yi aikin dare. Malamai sun sha tunatar da mutane tarihin Rufaida Al-Aslamiyya, sahabiyar da ke da tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, wadda a wurinta aka kwantar da Sa'adu bn Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Shirin Women for Health da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 a Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara ya gwada wata dabara mai sauƙi: a ɗauko 'yan matan karkara da yardar iyaye, mazaje da masu gari, a ba su shekarar share fage su cike kiredit, a tanadi masauki da wurin renon yara a makarantu, su koma garuruwansu su yi aiki. Ya nuna mata suna zuwa idan an cire musu ƙananan duwatsun da ke kan hanya. Amma irin wannan tanadi ya tsaya ne a ƙofar shiga. Matar da ke son zuwa kwas ɗin shekara guda a Kaduna da goyo a bayanta, har yau ita kaɗai ke fama da lissafinta.

Gwamnoni suna son buɗe sababbin kwalejojin jinya, domin gini ana ganin sa, ana yanka masa kyalle. Abin da ake buƙata yanzu ba shi da hoto, kuma bai kai kuɗin gini ɗaya ba: kowace ma'aikatar lafiya ta jiha ta ware adadin ma'aikatan da za ta tura kwas ɗin ƙwarewa duk shekara, ta biya kuɗin makaranta, ta ɗauki wanda zai riƙe ɗakin kafin su dawo, ta mayar da kowa fannin da ya karanto, ta ɗora masa alawus ɗin da zai gani a albashi. Majalisun jihohi su nemi ganin wannan layi a kasafin kuɗin lafiya na baɗi kafin su sa hannu.